Tutar Huɗu da Rabi

Litinin, 3 ga Maris, 4:10 na yamma

Mun dawo daga wurin likita. Ba zan rubuta kalmar da ta faɗa ba. Sau biyu ta faɗe ta, ta kuma rubuta a takarda. Takardar tana cikin aljihun mota inda na cusa ta, can za ta zauna.

Mun haye gada a hanyar gida. Sannan Nev ya tambaye ni ko na tuna na sayo masa igiyar takalmi. Shekara talatin da huɗu ina aure da mutumin nan, an gama gaya masa abin da aka gaya masa, shi igiyar takalmi ce ta dame shi. Na ce na sayo. Ban sayo ba.

Tambaya ɗaya ya yi wa likitar, wai zai iya ci gaba da gudu? Ta ce ya yi ta yi, zai ma taimaka masa. Ba ta san irin gudun da yake nufi ba, ni kuma ban gaya mata ba. Ni kuwa ta ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da na gani. To, ga littafin.

Laraba, 5 ga Maris, 8:30 na safe

Kilomita goma a bakin tafki. Lafiya lau.

Saura ƙasa da mako shida gudun fanfalaki na birni. Shekara goma sha tara Nev yana ɗaukar tutar huɗu da rabi, bana ce ta ashirin. Ƙaramar sanda ce yake goyawa a baya, da ƙyalle rawaya a samanta an rubuta 4:30. Duk mai son ya gama kilomita arba'in da biyu ɗin nan cikin awa huɗu da rabi sai ya manne masa, ya daina duba agogo, ya bar masa tunanin. Minti shida da daƙiƙa ashirin da biyu kowace kilomita, hawa ko gangara, rana ko ruwa. Bai taɓa kai mutane a makare ba, ko sau ɗaya. Kowace tuta mutum biyu ake ba wa, shekara shida ke nan ni ce ta biyunsa.

Ya kamata in kira Stavros in gaya masa, tunda shi ke raba tutoci, kuma tun suna samari suke gudu tare. Ban kira ba.

Lahadi, 9 ga Maris, 11:00 na safe

Dogon gudu da 'yan ƙungiya, kilomita ashirin da takwas. Mutum goma sha ɗaya suka biyo mu, yawancinsu sababbi. Nev ya yi musu hudubarsa ta kowace shekara, kalma ba ta ɓace masa ba. Kada wanda ya ruga da wuri wai yana tara lokaci, lokacin da ka tara a farko shi za ka biya ninki biyu a ƙarshe. A sha ruwa tun kafin a ji ƙishi. Sai dokar tasa: mai tuta ba ya jiran kowa. Ko mahaifiyarka ce ta zauna a gefen titi, ka ɗaga wa masu agaji hannu ka wuce, don akwai mutum talatin a bayanka da suka ba ka amanar ƙafafunsu.

Wata sabuwa, Losaline, 'yar Tonga, doguwa mai yawan dariya, ta tambaye shi matarsa fa, ita ma wuce ta zai yi? Ya ce musamman ma matarsa, ai ita ta fi kowa sanin doka. Aka yi ta dariya, har da ni.

A hanyar dawowa sau uku ya tambayi Losaline sunanta. Duk ukun ta gaya masa kamar yanzu ya fara tambaya.

Litinin, 10 ga Maris, 5:00 na yamma

Ban kira Stavros ba.

Alhamis, 13 ga Maris, 1:20 na rana



Ƙarfe bakwai ya fita, ya ce zagaye ɗaya zai yi ya dawo. Na bar shi ya tafi shi kaɗai don sharaɓata ta hagu tana min ciwo tun Lahadi. Takwas da rabi bai dawo ba. Tara bai dawo ba. Wayarsa tana kan firji. Na zagaya tafkin da mota sau biyu ina leƙen kowane tsoho mai gajeren wando, ashe tsofaffi masu gajeren wando sun yi yawa haka a Canberra.

Tara da arba'in wata mata ta kira ni, ta ce ta ga lambata a jikin ƙarfen da ke ɗaure a takalminsa. Yana zaune a dakalin gidanta a unguwar Downer. Gidanmu ne na dā, wanda muka sayar shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta ba shi shayi da biskit. Da na iso ya ce da ni, “Rae, wa ya sare bishiyar lemo?”

Na ce masu gidan ne. Ya kalli matar, ya kalle ni, na ga lokacin da abin ya dawo masa. Da ma ban gani ba. Ya miƙe ya yi mata godiya kamar baƙon kirki, ya ba ta haƙurin ɓata mata safiya.

A mota na duba agogon hannunsa. Kilomita goma cif ya yi kafin ya zauna. Shida da ashirin da biyu, shida da ashirin da ɗaya, shida da ashirin da biyu, haka har ƙasa. Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka, shi kuma yana shafa bayana yana ba ni haƙuri, bai san laifin me yake ba da haƙuri a kai ba.

Juma'a, 14 ga Maris, 6:45 na yamma

Na gaya wa Bronte a waya abin da ya faru jiya. 'Yata ce, amma bakin nan nata ban san inda ta samo shi ba. Nev ya ce a wurina.

Ta ce in cire sunansa yau ɗin nan. Mutum dubu nawa za su cika titi, ga kiɗa, ga ihu, ga hanyoyi a rufe, in ya rikice a tsakiya wa zai gan shi? Kuma mutanen da za su bi shi fa, sun san wa suke bi? Na ce mata babu abin da ta faɗa da ban faɗa wa kaina ba. Ta ce to me nake jira. Na ce ina jiran in sami bakin da zan gaya wa ubanta cewa abu ɗaya da ya rage bai taɓa kuskurewa ba, shi ma an karɓe.

Na ji ƙaramin ɗanta yana kuka a bayanta. Ta ce za ta zo daga garin Wagga ƙarshen mako mai zuwa.

Lahadi, 16 ga Maris, 11:30 na safe

Kilomita talatin. Sanyi ya fara shigowa da safe, ganyen bishiyoyin bakin tafki sun fara ja. Fararen aku sun cika filin suna ta masifa kamar an taɓa musu gado.

Bayan gudu Losaline ta same ni ina miƙe ƙafa a jikin benci. Ta miƙo min alawa mai siffar maciji, ta ce a gidan kula da tsofaffi take aiki, shekara tara. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ce mata to. Ta ce in ina son wani ya riƙa gudu a ɗaya gefen nasa, ita da ma can take son tsayawa don ya fi inuwa. Babu wata inuwa a can. Yarinyar nan ta shiga raina.

Wannan ne gudun fanfalakinta na farko. Ta yi wa kanta alkawarin huɗu da rabi tun bara, lokacin ko kilomita uku ba ta iya yi.

Sharaɓar tana nan. Na sa ƙanƙara.

Talata, 18 ga Maris, 10:00 na safe

Na kira Stavros.

Talata, 18 ga Maris, 3:30 na yamma

Na gaya wa Stavros komai. Sai ya ce ai ya sani. Tun watan Disamba, ranar da Nev ya tambaye shi lafiyar Eleni, matar Stavros ɗin, alhali Nev yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta. Ya ce yana ta jira ne in kira. Na ce don Allah dubi wannan tsohon, ni ina ta fama da yadda zan gaya masa, shi yana zaune yana jira. Ya ce to ai ni ma na iya jan lokaci.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in kawo masa Nev filin makaranta ranar Alhamis, kuma in bar agogon hannunsa a gida.

Alhamis, 20 ga Maris, 9:15 na safe

Stavros ya zo da agogon gwaji irin na dā a rataye a wuya, da katon tumbinsa. Ya ce da Nev, “Kai tsoho, an ce ƙafafunka sun fara ƙarya. Yi min kilomita biyar in gani.” Nev ya ce wanda ya shekara goma bai ga yatsun ƙafarsa ba shi zai yi maganar ƙafa? Ya tuɓe riga mai hannu ya miƙa min.

Zagaye goma sha biyu da rabi. Ni ke ƙirga masa, don na san ƙirgen zai ɓace masa, ya kuwa ɓace tun a na huɗu. Amma tafiyar ba ta canja ba. Minti talatin da ɗaya da daƙiƙa hamsin ake nema. Ya yi talatin da ɗaya da hamsin da biyu.

Stavros ya daɗe yana kallon agogon. Ya fyace hanci, ya ce sanyi ne. Da Nev ya tafi shan ruwa ya ce da ni tutar tasa ce, bisa sharaɗi biyu. Zan riƙe ƙirgen kilomita da hanya, Nev ya riƙe tafiya kawai. Kuma ba zan rabu da gefensa ba daga farko har ƙarshe. In na ga abin da ban gane ba, in cire tutar daga bayansa in goya, in miƙa shi ga masu agaji, ko zai yi fushi da ni shekara.

Ya tambaye ni ko ni lafiyata ƙalau, don ya ga kamar ina ɗingishi. Na ce takalmi ne sabo.

Asabar, 22 ga Maris, 7:30 na yamma

Bronte ta zo. Na yi shirin faɗa, ban samu ba. Ta tarar da ubanta a tebur yana rubuta lokutan kowace kilomita biyar a 'yar takarda, irin wadda yake mannawa a hannu. Aikin safiyo, awon filaye, ya yi duk rayuwarsa, lissafi a kansa yake yi kafin wani ya nemo biro. Yau ya kai kilomita ashirin da biyar ya tsaya, ya goge, ya sake, ya goge. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta ce, “Baba, bari in rubuta, rubutunka ya yi muni.” Yana faɗa tana rubutawa, inda ya kakare sai ta faɗi lambar a hankali kamar tana karanta abin da ya riga ya ce.

Da muke wanke kwanuka ta ce ta yarda, amma in yi mata alkawari. Ta riƙe hannuna da kumfar sabulu da komai.

“Mama, ba za ki ɗauke ido daga kansa ba. Ko minti ɗaya.”

Na ce na yi alkawari.

Lahadi, 23 ga Maris, 12:10 na rana

Talatin da biyu, mafi tsawo, daga nan sai ragewa. Nev lafiya lau. Ni daga ashirin da shida kamar ana soka min allura a bayan ƙafa. Na gama. Ba wanda ya lura, in ban da Losaline da ke kallona ta gefen ido.

Laraba, 26 ga Maris, 4:00 na yamma

Yau da rana ya kira ni da sunan yayarsa. Sau ɗaya ne.

Juma'a, 28 ga Maris, 2:30 na rana

Na je wurin mai duba jijiya a ɓoye, na ce wa Nev kasuwa zan je. Saurayin ya matsa wurin har na kusa zagin iyayensa. Ya ce tsokar ta ɗan yage, mako shida ba gudu. Na ce mako biyu nake da shi. Ya ce to shi dai ya faɗa. Ya naɗe min da wani filasta shuɗi, na sa dogon wando na rufe.

Na san abin da ya kamata. In gaya wa Stavros, ya nemo wani ya tsaya a madadina. Amma wa? Nev ba zai saurari baƙo ba in ya rikice, muryata kawai yake bi. In na fita, shi ma ya fita. Na yi ta jin haushin masu ɓoye ciwo duk rayuwata, ga ni nan.

Talata, 1 ga Afrilu, 8:00 na safe

Shida, a hankali. Lafiya lau.

Alhamis, 3 ga Afrilu, 8:00 na safe

Shi takwas, ni a keke a gefensa. Na ce masa hutu nake ba ƙafafuna. Ya ce raggo dai ba ya rasa dalili.

Lahadi, 6 ga Afrilu, 10:40 na safe

Yau aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk shekara in sanyi ya shigo, ban kuwa yi tunanin abin da hakan zai yi masa ba. Na farka na tarar da shi a kicin cikin rigar gudu, ya manna lambar bara a ƙirji, tuta a goye, ya ci burodinsa da zuma, ya shafa man hana gurzuwa. Agogon murhu yana faɗin wani abu, wayarsa tana faɗin wani, shi kuma yana tsaye a tsakaninsu hankali a tashe, wai za mu makara, mutane suna jiransa.

Na buɗe baki zan ce sai mako mai zuwa, sai na fasa. Na ce to mu tafi. Na kai shi har wurin da ake tashi. Ba kowa, sai wani mai yawo da kare da ganye da iska ke kwasa. Ya tsaya yana kallo. Can ya ce, “Mun riga kowa.” Na ce da mako guda ma. Ya yi dariya har da riƙe gwiwa, ni ma na yi, mai kare ya canja hanya.

Muka sayi kofi muka zauna a mota. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, ya san wannan ce ta ƙarshe. Ya ce ba ya tsoron ya ɓata a hanya, wani zai tsince shi. Abin da yake tsoro shi ne ya kai mutane a makare. Na ce ba zai kai su a makare ba. Ya ce in dai ina gefensa. Kofin nawa ya huce ban sha ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, 5:30 na yamma

Biyar. Na ji sharaɓar tun daga ƙofar gida.

Asabar, 12 ga Afrilu, 6:00 na yamma

Mun karɓo lambobi. Na rubuta sunansa da lambar wayata da ta Bronte a bayan tasa, na kuma rubuta a damtsensa da alƙalamin da ba ya gogewa. Ya ce ko akwati ne shi za a sa a jirgi. Taliya muka ci, kamar kowace shekara. Bronte da yara sun iso, za su tsaya a wurin gamawa tare da Stavros.

An ce gobe digiri shida da safe, ba iska. Ina jin tsoro. Na rubuta don in ga ko zai ragu, bai ragu ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, 4:50 na yamma

Yana barci a kujera da lambar yabo a wuya. Ƙafata tana cikin bokitin ƙanƙara. Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Mutum kusan arba'in suka taru a bayan tutar. Nev ya yi musu huduba, ya sa su dariya. Da aka tashi, cunkoso da kiɗa suka ɗan firgita shi, na ga idonsa yana yawo, na ce, “Ina nan, tsoho, shida da ashirin da biyu.” Ya sauke kafaɗa ya shiga tafiyarsa. Ni a dama, Losaline a hagu. Kowace alama na faɗi lambarta da ƙarfi kamar don jama'a nake yi. Rabin hanya muka ratsa a awa biyu da minti sha huɗu da rabi, daidai da abin da ke hannunsa. Yana ta yi wa mutane hira, yana cewa a sassauta kafaɗa, a sha ruwa, wani da ya yi shiga irin ta dabbar kada ya wuce mu, Nev ya ce a ƙyale shi za mu same shi a gaba. Mun kuwa same shi.

A talatin da uku, a ɗan hawan nan bayan gada, na ji abu ya tsinke a bayan ƙafata kamar an harbe ni da roba. Na yi taku uku na dafa shingen titi. Ban iya ko ajiye diddige ba.

Nev ya waiwayo. Ya gan ni sarai. Ya ɗaga wa mai agaji hannu ya nuna ni, ya juya, ya ci gaba. Ko taku ɗaya bai rage ba.

Losaline ta ja baya za ta tsaya. Na daka mata tsawa na ce ta bi shi, ta riƙa faɗa masa kilomita, in ya tambaye ta ina nake ta ce ina baya kaɗan. Ta ruga. Na tsaya ina kallon ƙyallen rawaya yana raguwa har kwana ta shanye shi. Na yi wa 'yata alkawarin minti ɗaya, ga kilomita tara.

Masu agaji suka ce in jira motar da ke kwasar waɗanda suka gaza, za ta zo nan da awa guda ko fiye, hanyoyi a rufe suke. Wayata tana jakar da na bari wurin Bronte, lambarta kuma ta ɓace min ƙaf, ni da na rubuta ta da hannuna jiya. Na ce su ɗaure min ƙafar, zan taka. Suka ce ba shawara ba ce. Na ce ban tambaye su shawara ba. Kilomita tara ina jan ƙafa, ina duba kowace tantin agaji, kowane mutum da ke zaune a gefen titi da kai a ƙasa. Tutar biyar ta wuce ni. Ta biyar da kwata ta wuce ni. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba, ban kuma taɓa jin haushin kaina haka ba.

Sauran labarin daga bakin Losaline na ji. Ta ce sau biyu ya tambaye ta ina Rae, ta ce tana baya kaɗan, ya ce to. A talatin da takwas ya daina gane inda yake, ya tambaye ta wane gari ne wannan. Ta ce garin da ake shida da ashirin da biyu ne, ya ce a'a to shi ke nan. Ita kanta a lokacin ƙafafunta sun mutu, ta ce ba ta san wa ke riƙe da wa ba. Mutum ashirin da uku suka rage a bayansa.

Masu tuta sukan tsaya 'yan taku kafin layi, su juya baya, su kora mutanensu su shige gaba, sannan su tsallaka a ƙarshe. Haka ya yi. Ya juya yana tafa hannu yana cewa a wuce, a wuce. Losaline ta tsallaka a huɗu da ashirin da tara da daƙiƙa goma sha ɗaya. Duka ashirin da ukun sun shiga kafin huɗu da rabi.

Shi kuwa bai tsallaka ba. Ma'aikata suka ce ya wuce, ga layi nan taku goma, lokacinsa yana tafiya. Ya ce da saura mutum ɗaya a cikin mutanensa. Bronte tana ta kiransa daga bayan shinge, Stavros ya shiga ya kama hannunsa ya ce, “Nev, huɗu da rabi za ta wuce ka.” Ya ce ta wuce. Stavros ya ce da ma'aikatan su ƙyale shi, ya nemo masa bargon leda ya yafa masa, ya tsaya tare da shi.

Sama da awa ɗaya yana tsaye a wurin. Da na shawo kwanar ƙarshe, tutar na fara gani, ta karkace gefe guda. Yana tafa wa duk wanda ya wuce, yana leƙa fuskarsa. Da na iso ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Yarinya, kin makara.” Ya sa hannuna a kafaɗarsa muka tsallaka, biyar da arba'in da shida. A takardar sakamako haka za a rubuta masa, shekara ta ashirin.

Bronte ba ta ce min komai ba game da alkawarin. Ta ga filastan, ta gane tun yaushe ne. Ta durƙusa ta kwance min takalmi, tana kuka tana ce min mahaukaciyar tsohuwa. Na yarda.

Litinin, 14 ga Afrilu, 5:15 na yamma

An ba ni sandunan dogarawa a asibiti. Wata uku, in ji su, wannan karon kuma zan ji magana.

Da safe Nev ya sauko daga gado da ƙyar, yana dafa bango, ya ce me ya sami cinyoyinsa haka kamar an yi masa duka. Na ce jiya ya yi gudun fanfalaki. Ya kalle ni yana neman alamar wasa a fuskata. Na nuna masa damtsensa, lambar wayata tana nan ba ta goge ba.

Ya zauna a bakin gado a hankali. Ya ce, “Na kai su a kan lokaci?”

Na ce ya kai su, mutum ashirin da uku, da saura daƙiƙa kusan hamsin. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya buga cinya, ya yi ƙara don zafi, ya ce a kawo masa shayi mai sukari biyu tunda abin haka ne.

Sau huɗu ya tambaye ni yau. Duk lokacin da na gaya masa sai ya yi murna sabuwa fil, kamar yanzu labarin ya iso. Ina jin motsinsa a baranda, ya ga sanduna na jingine, na san zai shigo ya tambaya me ya sami ƙafata, daga nan kuma mu kai ga ɗayar tambayar. Bari in ajiye biro in ɗora ruwan shayi.